Yadda Shayi Ya Raba Ni da Darrasa

Aikinmu yi wa gidaje ƙima. In banki zai ba da rance a kan gida, ko magada za su raba, ko kotu tana son sanin abin da wani bene ya kai, sai a turo wa ofishinmu da ke Wustul Balad, tsakiyar birnin Alƙahira, mu je mu auna, mu leƙa ko'ina, mu rubuta rahoto. Lasisin na maigidanmu ne, wani Bamisire mai ƙaton tumbi da kowa ke ce wa Bashmuhandis, wato babban injiniya. Shi ke sa hannu, mu ke hawan bene. Ni dai karatun shari'a ne ya kawo ni Alƙahira daga Zariya. Na gama, na yi aure, na yi ta cewa baɗi zan koma, har na wayi gari da tef ɗin awo a aljihu.

A ofishin nan, unguwar Darrasa tawa ce. Ba wanda ya rubuta haka, amma duk aikin da ya shigo daga tsohuwar unguwar a kan teburina ake ajiye shi. Can na yi zaman ɗalibta. Na san lungun da ruwa ke kwanciya, na san benen da aka shafa wa fenti don a ɓoye tsagewa, na san masu gadin gidaje har da 'ya'yansu. In na shiga gida ba na farawa da tef. Sai na zauna an gaisa, an tambayi mutan gida, an kawo shayi na sha. A wajen shan shayin nan ake gaya min abin da ba ya cikin takardun gida: ɗan hayar da ya gaji ɗaki daga kakansa, ba mai iya tayar da shi, maƙwabcin da ya ɗan ci iyaka tun zamanin iyaye. Da wannan nake taƙama, kuma har yau ban ga laifinsa ba.

Akwai gida ɗaya a unguwar da ya fi min sauran. Na wata tsohuwa ne da muke kira Hajja, wadda na yi haya a ɗakin samanta ina ɗalibi. Ita ta koya min Larabcin titi, don da na zo Larabcin littafi nake yi, masu tumatir suna min dariya. Da zazzaɓi ya kwantar da ni, ita ta riƙa hawa min da romon wake duk da ciwon gwiwarta. A matakalar gidan akwai wata da ta gutsure a wurin da haske ba ya kaiwa, duk baƙo sai ya yi tuntuɓe da ita. Ni ko ido rufe ina tsallake ta. Hajja tana da wani kofin gilas mai shuɗin baki da ta ce nawa ne, ba ta ba kowa. Ba ta da ɗa namiji, saboda haka da mijinta ya rasu 'ya'yan 'yan'uwansa suka taso da maganar gado. Aka yi ta ja, a ƙarshe suka yarda ofishinmu ya yi wa gidan ƙima. Ta kama hannun rigata ta ce, "Kai za ka zo, ya ibni, ɗana. Ba na son baƙon ido ya shigar min ɗaki." Na ce insha Allahu ni ne.

Sai kuma shi, wanda saboda shi nake wannan rubutu. Bahaushen Sudan ne, kakanninsa ne suka taso daga ƙasarmu a ƙafa za su aikin hajji, suka tsaya a hanya. Yaƙi ya koro shi daga Khartum. A masallaci na tsince shi, ya ji ina waya da Hausa ya matso ya ce, "Sannu, ya zol," wato mutumina, da wata Hausa mai ƙanshin Larabci. Ya karanta harkar gine-gine amma ba aiki. Ni na kai shi gaban Bashmuhandis, ni na ara masa rigar da ya je da ita. Na koya masa cewa kada ya kalli kujeru da labule, ya kalli silin, ya kalli bututun ruwa, ya buga bango ya saurara. Yaya yake ce min, kuma da gaske yake faɗa. Da aka zo raba ranakun fita, na ɗauki waɗanda suka yi min, na bar masa Litinin da Alhamis, don Litinin nake son zama na yi rubutu, Alhamis kuwa duk wanda ya san cunkoson Alƙahira ya san dalili. Ya yi godiya.

Ana cikin haka lokacin sabunta lasisi ya zo. Ba a sabuntawa sai an yi kwas, kuma a wannan karon an sa darasin ɗa'ar aiki da na karkatar zuciya, dole, ba uzuri. Bashmuhandis ya ce tunda shi zai je ya zauna kamar ɗan makaranta, duk wanda hannunsa ke taɓa rahoto sai ya je. A wani zaure ake yi kusa da Ataba, inda hayaniyar masu sari ke shigowa ta taga. Mai koyarwar wata mata ce 'yar siririya mai kaifin murya, Daktora ake ce mata. Maigidanmu ya samu kujerar can baya ya jingina, na ɗauka barci yake.

Ni kuwa da murnata na je. Na ce a raina, in dai maganar nuna bambanci ce, ai ni ne malamin. Shekara nawa na yi ina ƙwanƙwasa ƙofa mai gida ya ɗauka na zo gyaran famfo? Dillali nawa ya ce min ɗaki ya ƙare da ya ga fuskata? Na shirya jawabina tun daga gida, har da inda zan ɗan yi shiru.

Daktora ta raba mu gida biyu, ta ba kowane ɓangare hotunan wani gida ta ce kowa ya faɗi ƙimarsa. Namu hotunan, tabarma ce a ƙasa, da kaskon turaren wuta, da manyan tukwane, da takalman yara birjik a ƙofa. Ina gani na san gidan mutanenmu ne. Na ɗaya ɓangaren kuwa kujeru ne masu ruwan zinare da fitila mai reto. Da aka gama ta ce gida ɗaya ne, masu haya kawai suka canza. Kusan duk waɗanda suka ga tabarma sun karya wa gidan daraja. Na gyara zama, na ce yau ranata ce.

Ta ɗaga takardata ta ce, "Wannan ustaz ɗin shi kaɗai ya wuce kowa, har ya wuce masu kujerun zinare. Me ya sa?"

Na ce, "Na san irin mutanen, ya Daktora. Suna riƙe gida da amana."

Ta ce, "To ka gani. Zuciya ba ƙasa kaɗai take karkata ba, tana karkata sama ma."

Aka yi 'yar dariya. Sannan ta ɗaga ta ƙanin nan nawa na Sudan. Ƙimarsa ce ta faɗa daidai inda ta dace. Ta tambaye shi yadda ya yi, ya miƙe cikin kunyar nan tasa ya ce shi bai kalli kayan ɗaki ba, silin ya kalla da bututun ruwa. Maganata ce, kalma da kalma. Daktora ta ce a tafa masa. Na tafa, hannuna kamar na aro.

Da aka zo ba da labarin abin da ya taɓa faruwa da mutum, na tashi na yi jawabina, har da shirun da na shirya. Aka girgiza kai, aka ce ma'alish, wato na yi haƙuri. Shi kuwa da aka matsa masa, cewa kawai ya yi gidansu na Khartum ba shi da ƙima yanzu, don bai san ko yana tsaye ba, ya zauna. Wata mata a gabana ta ciro hankici. Allah ya gani na tausaya masa, ni na san abin da ya baro. Amma a ƙasan tausayin akwai wani abu mai ɗaci da ke ce min, wato har a wahala ma sai yaron nan ya fi ka.

Zaman da ya biyo baya shi ne na kyauta da sanayya. Daktora ta ce mai ƙima ba ya karɓar komai daga wanda ke da ruwa da tsaki a gidan, kuma ba ya aiki a kan dukiyar wanda ke tsakaninsu da kusanci. Wani ya tambaya cikin raha, har shayi? Ta ce, "To bari mu tambaya. Wa ke shan shayi a gidan da ya je aunawa?"

Misirawan nan duk suna sha, na gan su da idona, amma kowa ya sunkuyar da kai. Ni ne uban iya, na ɗaga hannu har sama. Na ga dama ta samu da zan maido da martabata, ga shi fagena ne, shari'a na karanta. Na miƙe na bambance mata kyautar da ake ba ma'aikaci don a saye shi da karramawar da ake yi wa baƙo. Na ce inda na fito, wanda aka ba ruwa ya ƙi, ya zo da mugun nufi ne. Da na ga ana saurarena sai bakina ya buɗe. Na ce a Darrasa babu benen da ban sha shayi a cikinsa ba, babu mai gidan da bai san sunan 'ya'yana ba. Na ce akwai ma gidan da za mu auna kwanan nan, mai gidan uwa ce a wurina, kofina daban ne a gidanta. A wurinmu wannan shi ne shaidar mutum. In kana son a ba ka amanar wuri, sai ka nuna an san ka, an san asalinka, ka ci ka sha da mutane. Ni a tunanina takardun cancantata nake karantawa.

Daktora ta bar ni na gama. Ta ce, "Shukran, ya ustaz. Su sauran magadan fa, su ma suna da kofinka a gidansu?"

Na waiga, sai na ga Bashmuhandis ya tashi zaune sosai, idonsa tar a kaina.

Sai ta juya wajen ƙanin nawa ta ce shi yaya yake yi, don ƙin shayin Bamisire ba abu ne mai sauƙi ba. Ya ce shi Litinin da Alhamis yake fita, kuma ranakun yana azumi, in an kawo sai ya ce yana azumi, mai gida ya sa masa albarka, ba wanda ransa ya ɓaci. Zauren ya ɗauki sowa. Daktora ta ce tun da take koyar da darasin nan ba ta ji mafita mai kyan wannan ba: ba ƙarya, ba wulaƙanci, ba kyauta. Ta rubuta a allo. Har aka tashi mutane suna dafa kafaɗarsa suna cewa masha Allah, ya shaikh.

Shaikh! Ni da na ƙare ƙuruciyata a kan littattafan fiƙihu ina zaune, shi ake ce wa shaikh. Kuma wa ya ba shi Litinin da Alhamis ɗin? Azumin ma ba don shayi ya fara ba, tun da Allah ya fito da shi daga yaƙi yake yi, ni na sani. A cikin jirgin ƙasa muna komawa ya ce, "Yaya, wallahi na so na ce kai ka ba ni ranakun, hayaniya ce ta hana." Na ce ba komai. Da ya yi shiru ma da ya fi min.

Washegari Bashmuhandis ya kira ni ya rufe ƙofa. Ya ce, "Darrasa, khalas, ka gama da ita. Ƙaninka zai riƙe ta. Kai za ka koma sababbin unguwannin bayan gari."

Na ce, "Ya Bashmuhandis, ka taɓa samun kuskure a rahotona?"

"Ban taɓa ba."

"To me na yi?"

"Da bakinka ka faɗa, a gaban mutanen da rabinsu abokan gasata ne. In ɗaya daga magadan nan ya ji cewa wanda ya auna gidan yana da kofi a ɗakin tsohuwar, lasisina ne zai tafi, ba naka ba." Ya dafa ni ya ce, "Ma'alish. Ka fi kowa sanin unguwar, shi ya sa ba za ka iya aiki a cikinta ba."

Na roƙe shi gidan Hajja kaɗai, na ce na yi mata alkawari. Ya ce wannan gidan ne ma na farko da ba zan taka ba.

Na koma gida na cika na yi fam. Na yi wa matata bayani cewa abin da nake ji ba hassada ba ce, malamai sun bambance: akwai mai son ni'ima ta gushe daga ɗan'uwansa, akwai mai son ya samu irinta kawai, ni na biyun ne. Tana tsince shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Malam, ko me sunansa a littafi, a gidanmu ƙyashi muke ce masa." Na ƙi cin abincin, sannan yunwa ta sa na dawo na ci.

Sababbin unguwannin nan, wanda bai je ba ba zai gane ba. Benaye ne iri ɗaya a cikin rairayi, mai gadi ya miƙo maka mabuɗi ta taga, ka shiga gidan da ba a taɓa dafa ko ruwan zafi a cikinsa ba. Ba mai gaishe ka, ba mai ba ka labari. Darasin Daktora ya zauna daram a can, don babu wanda zuciya za ta karkata gare shi. Ina aunawa ina lissafin ranar da ƙanin nawa zai je gidan Hajja. Kuma ba zan ɓoye ba, fata nake ta kore shi. Na riƙa hango ta tsaye a bakin ƙofa tana cewa in ba ɗana ba, ba mai shigar min ɗaki, Bashmuhandis ya kira ni yana ba ni haƙuri. Har amsar da zan ba shi na tanada.

Ranar da ya je ya dawo, na yi kamar ina rubutu. Shi ya zo ya tsaya a kaina. Ya ce ya yi tuntuɓe a matakala, saura kaɗan ya faɗi. Na ji wani sanyi a raina. Ya ce Hajja ta tambaye ni, ya yi mata bayanin doka, ta yi fushi, ta bar shi a tsaye. Sanyin ya ƙaru. Sannan ta kawo shayi, ya ce yana azumi. Sai ta tsaya tana kallonsa, ta tambaye shi ina mahaifiyarsa, ya ce tana can, ba su samu fitowa tare ba. Ta ce to wa ke dafa masa abin buɗa-baki? Ya ce yana sayen wake da burodi a hanya. Ta ce la ilaha illallah, ya dawo da magariba. Ya ce ba zai iya cin komai a gidan ba sai an miƙa rahoto an sa hannu. Ta ce, "To yi sauri ka miƙa."

Na karanta rahoton kafin ya kai wa maigida, don shi ya roƙe ni na duba masa. Na bi shi layi-layi ina neman kuskure kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Damshin bangon bayan gida yana ciki, ɗan hayar shagon ƙasa yana ciki, har tsagewar da ke bayan kabad ɗin Hajja, wadda na ɗauka ni kaɗai na sani. Na miƙa masa na ce tamam, ba gyara. Magada suka karɓa ba gardama, aka bar wa Hajja hawan da take ciki.

Na daɗe ban je Darrasa ba. Kunyar alkawarin da ban cika ba ta hana ni, ko kuma haka nake gaya wa kaina. Wata rana da la'asar aiki ya ƙare da wuri, na sayi lemo na nufi can, ban ma tuna Alhamis ce ba sai da ƙanshin miya ya tare ni tun daga ƙasa. Hajja ta yi murna, ta yi min faɗan daɗewa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Amma a tsaye take yi, tana leƙa tukunya. Ta ce, "Allah ya saka maka da alheri, ya ibni, da ka turo min yaron nan. Kai ka san abin da nake buƙata." Ban ce mata ba ni na turo shi ba.

Ta kawo min shayi a wani kofi fari, irin na baƙi. Na duba teburin. Ga faranti da dabino, ga ruwan sanyi, ga kofin nan mai shuɗin baki an kife shi a gefe yana jiran magariba. Ta ga inda nake kallo, ta ce, "Ya fi riƙe zafi, shi kuma yini yake bai sha komai ba, miskin." Na ce gaskiya ne, Hajja. Ta ce na tsaya mu ci tare, abinci ya isa. Na ce ana jirana a gida. Na shanye shayin da zafinsa, ya ƙona min harshe.

Ina saukowa na ji tafiyarsa yana hawowa, da burodi a hannu, yana sauri kada a kira salla. Ya gan ni fuskarsa ta washe. "Yaya! Ba za ka tsaya ba?" Na ce wani lokaci. Matakalar ba ta ɗaukar mutum biyu, sai na manne da bango na ba shi hanya. Daidai wurin duhun nan ne. Na buɗe baki zan ce masa ya kula, sai na ga ya tsallake gutsurarriyar matakalar, ko kallon ƙasa bai yi ba.